Masu Igiya da Zarto a Ƙolin Bishiya

A daji, mai sare bishiya yana da fili: ya duba inda ta karkata, ya sari gindinta, ya kauce. A birni irin Landan kuwa, inda bishiya mai tsawon mita 25 take tsaye tsakanin rufin gida da wayar lantarki da motocin maƙwabta, babu inda za ta faɗi ba ta yi ɓarna ba. In kawar da ita za a yi, sai an kwance ta gaɓa-gaɓa daga sama zuwa ƙasa. In gyara take so, sai mutum ya je har bakin reshen da ya lalace. Masu wannan aiki su ake kira likitocin bishiya a Ingila, kuma sana'o'i kaɗan ne suka haɗa ƙarfin jiki da natsuwa da ilimi kamar tasu. Abin da mutum yake yankawa shi ne yake riƙe da ransa, domin igiyarsa a jikin bishiyar take rataye, zarton da ke hannunsa kuwa ba ya bambanta reshe da igiya, balle reshe da cinya.

Galibi su uku ne ko huɗu: mai hawa, da na ƙasa, da motarsu mai jan injin niƙa rassa a baya. Da sassafe suke isa, amma ba a tayar da inji tukuna. Sai an zagaya bishiyar da ƙafa, a hankali, ido a sama, ido a ƙasa. Ana duba gindi ko naman gwari ya tsiro a jikin ɓawo, domin duk sa'ad da ya leƙo waje, to ruɓa ta daɗe tana cin ciki. Ana duba ƙasa ko ta tsage ko ta kumbura ta gefe ɗaya, alamar saiwa ta fara saki. Ana duba inda rassa biyu suka taso a matse har ɓawo ya maƙale a tsakaninsu, domin irin wannan mahaɗa ba ta da ƙwari, rana ɗaya take darewa. Sannan a ɗauko gudumar roba a bubbuga jikin itacen. Lafiyayye amonsa a ƙulle yake, mai kogo kuwa da jin amsawarsa ka san holoƙo ne. In aka yi kokwanto, akwai na'urar da ke aika sauti ta cikin itace ta zana girman ɓarnar da ke ɓoye. Wani masani Bajamushe, Claus Mattheck, ya yi suna wajen koyar da wannan karatu na jikin bishiya. Ya nuna cewa bishiya tana ƙara kauri a daidai inda nauyi ya yi mata yawa ko ciki ya raunana, don haka gwani ba ya wuce kumburi a jikin itace bai tsaya ya tambayi dalilinsa ba.

Wani lokaci abin da karatun zai nuna shi ne ba ta hawuwa. Tun daga 2012, da aka tabbatar da ɓullar wata cuta mai kashe bishiyar da suke kira ash a Birtaniya, masu sana'ar suka koyi tsoron irin wannan itace, saboda cutar tana mayar da rassansa gaggautsa, su karye ba gargaɗi. Irin wannan sai a kawo mota mai kwandon ɗaga mutum, ko kireni. Ga kuma doka. Akwai bishiyoyin da ƙaramar hukuma ta ba kariya, ko a cikin gidanka suke ba ka taɓa su sai da izini, kuma a wasu tsofaffin unguwanni sai ka ba da sanarwar mako 6 kafin ka sa zarto. Wata doka ta 1981 kuma ta haramta rushe sheƙar tsuntsu da gangan alhali yana cikin amfani da ita. Ana iya zuwa da shiri tsaf, a tarar da ƙwai a sheƙa, a naɗe igiya a koma.

Tsani ba ya kai mutum ko'ina a irin waɗannan bishiyoyi. Mai hawa yana da wata 'yar jaka mai nauyi, ba ta kai rabin kilo ba, ɗaure da siririn zare mai santsi. Zai yi ta lilo da ita, ya auna, ya wurga ta sama ta ƙetare wata gwafa mai ƙarfi ta faɗo ta ɗaya gefen, da zaren nan kuma ake jawo igiyar hawa. Kafin ya ba reshen amanar kansa, shi da abokin aikinsa sukan rataya a igiyar su biyu tun suna ƙasa, su kasa kunne ko zai yi ƙara. Ɗamarar da yake sawa tana kama ƙugu da cinyoyi, a zaune yake a cikinta. Ƙugiyoyinta ba sa buɗewa sai an yi musu motsi uku a jere, don kada reshe ya goge su su saki da kansu. Abin da ya haɗa shi da igiyar kuwa asalinsa wani ƙulli ne da Karl Prusik, ɗan ƙasar Ostiriya mai hawan duwatsu, ya bayyana a 1931: a naɗe 'yar igiya a jikin babbar igiya, in ka tura ta da hannu ta zame, in nauyi ya sauka a kanta ta damƙe. Yau akwai na'urorin ƙarfe masu yin wannan aiki, amma har yanzu ba a ɗaukar mutum mai hawa ne in bai iya ɗaura ƙullin da hannunsa ba.

Akwai ƙarafa masu tsini da ake ɗaurawa a ƙwauri, a riƙa cakawa a jikin itace ana hawa. Suna da sauri, suna da sauƙi, amma mai sanin ya kamata ba ya sa su sai a bishiyar da aka yanke wa hukuncin sara, ko in ceton rai ya taso. Kowane caki ƙofa ce da aka buɗe wa ruɓa.

Inda gwaninta take fitowa fili shi ne tafiya a kan reshe. Igiyarsa tana maƙale can ƙoli, shi kuma yana ja da baya a kan reshen da da nauyinsa kaɗai zai taka shi da ya karye. Yana sakin igiyar kaɗan-kaɗan, ya jingina da ita, yawancin nauyinsa yana kanta, ƙafa kuwa tana daidaita shi ne kawai. Iya nisan da ya yi daga tsakiya, iya girman lilon da zai yi in santsi ya kwashe shi, kuma ƙarshen wannan lilo karo ne da jikin bishiya. Saboda haka da ya isa inda zai yi yanka sai ya zagaya wata gajeriyar igiya a reshen ya ɗaure kansa. Ƙa'ida ce da ba ta da rangwame: ba a tayar da inji sai mutum yana ɗaure a wuri biyu, ta yadda in zarto ya lashi igiya ɗaya, ɗayar na nan. A 'yan shekarun nan hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ƙara matsawa cewa a riƙa hawa da igiya biyu tun daga ƙasa. Tsofaffin hannu da yawa sun yi gunaguni, suna cewa igiya ta yi yawa tana harɗewa, amma haka aka tafi. Kayan hawan kuma duk wata 6 sai wani ƙwararre ya bincika su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta.

Duk wannan wahala don a yi yanka ɗaya ne a wurin da ya dace, kuma sanin wurin nan ya ɗauki masu sana'ar kusan shekara ɗari. John Davey, mutumin Ingila da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya kafa kamfaninsa a jihar Ohayo a 1880, kuma shi ake ba lambar wanda ya mayar da kula da bishiya sana'a mai zaman kanta. A zamaninsa da shekaru masu yawa bayansa, an ɗauka raunin bishiya irin na mutum ne. Sai a yanke reshe daf da jiki ya yi sumul, a shafe wurin da fenti ko kwalta, in an ga kogo a ƙwaƙule shi tas a cika da siminti. Har yau masu hawa sukan ci karo da wannan siminti a cikin tsofaffin itatuwa, ya dakushe musu sarƙa nan take.

Wanda ya rushe wannan fahimta shi ne Alex Shigo, masani a hukumar gandun daji ta Amurka. Da injin zarto ya yi sauƙin ɗauka, sai ya shiga tsaga bishiyoyi a tsaye, dubbai, yana bin sawun kowane tsohon rauni ya ga abin da ya faru a ciki. A 1977 ya fitar da bayanin abin da ya gano. Bishiya ba ta warkewa. Naman da ya ji rauni ya tafi ke nan har abada. Abin da take yi shi ne ta killace wurin: ta toshe hanyoyin ruwa sama da ƙasa, ta tare ruɓar ta ciki da ta gefe, sannan sabon itacen da zai girma bayan raunin ya zama katanga ta huɗu, wadda ta fi duka ƙarfi. A gindin kowane reshe kuma akwai wani ɗan kumburi, wuyan reshen, wanda nama ne na uwar bishiyar, kuma a nan garkuwarta take. Wanda ya yanke daf da jiki ya tafi da wuyan, ya buɗe wa ruɓa hanya har cikin zuciya. Wanda ya bar dogon dungu ya hana ɓawo rufewa, dungun ya ruɓe ya ja ɓarna ciki. Fenti ba ya hana ruɓa, ƙwaƙular kogo kuwa fasa katangar da bishiyar ta gina ne. Wurin yanka ɗaya ne, bayan wuyan nan kaɗan, kuma faɗin yatsa ɗaya ya isa ya raba aikin kirki da ɓarna.

Shi ya sa reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi. Na farko ta ƙasa, nesa kaɗan da gindi, a shiga kamar kashi ɗaya cikin uku. Na biyu ta sama, gaba da na farko kaɗan, reshen ya ɓalle ya tafi. Yankan ƙasan nan shi ne ke tare ɓawo, domin in babu shi, reshen yana faɗuwa zai ɗaye ɓawon uwar har ƙasa. Na uku shi ne na tsanaki, a cire guntun da ya rage daidai bakin wuya, ba nauyi, ba gaggawa. Bayan shekara biyu ko uku, in ka ga sabon nama ya zagaye wurin ya yi zobe cikakke, to mai aikin ya san abin da yake yi. In zoben ya tsaya a gefe biyu, sama da ƙasa babu, an ci wuyan. Ajizancin mai yanka a rubuce yake a jikin bishiyar muddin tana raye, kuma 'yan'uwansa masu sana'a suna karanta shi in sun zo wucewa.

Injin zarton da Andreas Stihl ya fara ƙerawa a Jamus a 1926 da lantarki yake aiki, kuma sai mutum biyu suke riƙe shi. Na mai hawa na yau bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba, ana rataye shi a ɗamara. Sarƙarsa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ɗaya. Babban sharrinsa tutsu ne. In saman hancin ƙarfen da sarƙar ke zagayawa ya taɓi wani abu, maimakon haƙoran su yanka sai su cije, injin ya zabura ya yo baya wajen fuska da kafaɗa kafin ƙiftawar ido. Don haka aka yi masa birki a gaban hannun hagu, wanda ke tsayar da sarƙa da zarar injin ya zabura. Wandon aikin shi ma abin kallo ne. A cikinsa akwai dogayen zaruruwa sako-sako jere a kan juna. In sarƙa ta taɓa shi sai ta fizgo zaruruwan, su cushe injin, ya tsaya cak. Na ƙasa yakan sa mai kariya ta gaba kawai, na sama kuwa mai zagaye ƙafa duka, domin a kan reshe ba a san ta inda zarto zai zo ba. Ga hular kwano mai igiyar haɓa, da ragar fuska, da abin toshe kunne, domin ƙarar injin ta haura desibel 100.

Amma babu wandon da ke kare hannun hagu. Ƙaramin injin yana ɗaukuwa da hannu ɗaya, kuma in gajiya ta zo mutum yakan ji sha'awar riƙe reshe da hagu ya yanka da dama. Ta nan raunuka da yawa suke samuwa. Abin da ya fi burge ni a wajen ƙwararru shi ne yawan aikin da suke yi da zarton hannu, wani lanƙwasasshe mai kaifin tsiya irin na Japan, mai yanka sa'ad da aka jawo shi. Yana cikin kube a gefen ƙafa, ba ƙara, ba hayaƙi, kuma yankansa ya fi tsafta. Injin sai reshe ya fi ƙarfinsa. In an sauko hutawa kuma za ka ga mutum ya ɗauko magagari yana bin haƙoran sarƙa ɗaya-ɗaya. Garin katakon ne ke faɗa masa: mai kaifi ɓarɓashi manya take fitarwa, dakusasshiya ƙura, kuma dakusasshiya ce ke sa mutum ya danna da ƙarfi har ya rasa daidaito.

Masu kallo na sama suke yaba wa, amma na sama na ƙasa yake yaba wa. Ɗanyen itace yana da nauyin da ido ba ya gani, a wasu itatuwan mita ɗaya tsawo da faɗi da kauri yana kai tan guda. In ƙasan bishiyar rufi ne, ba a sakin gungume ya faɗi. Ana ɗaure shi da wata igiya dabam, ta bi ta cikin wani wili da aka rataya a sama, ta sauko zuwa wani ƙarfe da aka ɗaure a gindi, a naɗa ta sau biyu ko uku. Kamar yadda ake naɗa igiyar bijimi a jikin turke har yaro ya iya riƙe shi, haka mutum ɗaya yake sauko da abin da ya ninka nauyinsa. Sai dai wilin saman yana ɗaukar kusan ninki biyu na nauyin, kuma gungumen da ya faɗo ya tsaya farat ɗaya fizgarsa tana ninka nauyinsa sau da yawa. In na ƙasa ya riƙe igiyar gam, bishiyar gaba ɗaya za ta girgiza, ta jijjiga mutumin da ke maƙale a ƙolinta da inji a hannu, ko ma ta karye. Gwani sai ya bar igiyar ta gudu a hannunsa, ya riƙa matsawa sannu a hankali, gungumen ya rage gudu ya tsaya lumui a saman ciyawa. Yawan naɗin da za a yi, da ido yake auna shi tun gungumen bai rabu da jiki ba. Kuma na sama ba ya yanka sai ya yi kira an amsa masa cewa ƙasa ba kowa.

A cikin na ƙasan dole a samu wanda shi ma ya iya hawa, kayansa a shirye a gindin bishiya. Mutumin da ya yanke a sama, ko ya suma a cikin ɗamara jini yana taruwa a ƙafafunsa, ba zai iya jiran 'yan kwana-kwana ba. Abokin aikinsa ne zai hau ya sauko da shi, kuma atisayen wannan ceto ake yi a kai a kai. Har a gasar hawan bishiya ta duniya, wadda aka fara a Amurka a 1976, sauko da mutum-mutumi daga ƙoli yana cikin abubuwan da ake gwadawa.

Aiki mafi muni shi ne na bayan guguwa. A daren 15 ga Oktoba 1987 iska ta kayar da bishiyoyi kusan miliyan 15 a kudancin Ingila, aka daɗe ana kwasa. Bishiyar da ta faɗi ta danne wata a ɗame take, wani gefe a matse wani a miƙe, kuma in aka yanka ta gefen da bai dace ba, ko ta cije zarton ko ta ɗare ta make mai yankan. Sauran illolin sana'ar a hankali suke zuwa: kunne ya yi nauyi, yatsu su riƙa fari da mutuwa saboda karkarwar inji, kafaɗa da gwiwar hannu su gaji. Da yawa in shekaru sun ja sukan sauko su koma binciken lafiyar bishiyoyi da koyar da matasa.

Mu ma a nan gida ba mu rasa gwanayen hawa ba. Masu tsinkar ganyen kuka suna kafa turaku a jikinta su hau, masu giginya da dabino suna da tasu dabara, makiyaya da rani suna hawa maɗaci su sassabo wa shanu ganye, ƙafa ba takalmi, adda a hannu. Jarunta kam akwai ta. Inda nake ganin muna asara shi ne a wajen darbejiyar da ta cika titunan Maiduguri da Kano da Sakkwato. Da hadarin farkon damina ya matso, maigida ya tuna reshen da ke kan rufinsa, sai ya kira mai gatari ya ce, "Malam, a rage mini ita sosai, kada baɗi ma in sake nemanka." Sai a fille mata kai, a bar dungaye. Darbejiya tana da haƙuri, za ta sake toho har a ce ai ga shi ta ƙara kyau. Amma sabbin rassan daga bayan ɓawo suka fito, ba su kafu a zuciyar itacen ba, kuma a kan dungun da ke ruɓewa suke zaune. Bayan 'yan shekaru sun yi nauyi, su ne iska za ta fara ɓallewa, a kan rufin nan da aka so karewa.

Ilimin yankan ba sai an je Ingila ba. A yankin Maraɗi, tun daga 1983 da Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya lura cewa 'yan tsirrai da ake sassabewa a gonaki tohon tsofaffin kututture ne masu rai, manoma suka kama abin da suke kira sassabin zamani. A zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture a bar su, a cire sauran, a rage ƙananan rassan gefe. Da wannan aka farfaɗo da bishiyoyi a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Cikin abin da ake koya wa mai farawa har da cewa addarsa ta kasance da kaifi, kuma ya sari reshe daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya ɗaye.